Sautin kwamfutata ya ɗauke: in sauya Windows ko in kai ta gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce a Zariya. Ina da HP EliteBook 8470p da na saya ta hannu, Windows 10 ce a kanta. Tun ranar da na haɗa ta da majigi a aji ba ta sake fitar da sauti ba. Mai gyara ya ce in kawo a goge komai a sa Windows 11, ƙanena kuma ya ce Linux ce magani. Wa zan bi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Kada ki yarda a goge komai tukuna, don har yanzu ba wanda ya gano inda ciwon yake.

Majigin nan shi na fara zargi. Idan da kebul ɗin DisplayPort kika haɗa, hoto da sauti yake ɗauka tare, kuma wani lokaci Windows kan ci gaba da tura sautin can ko bayan an cire. Ki danna alamar lasifika a ƙasan allo ta dama, ki duba inda sautin ke fita, ki mayar da shi kan Speakers. Idan ba a dace ba, ki soka iyafis. In kin ji sauti a kunne, to ko lasifikar ce ta mutu, ko ramin iyafis ɗin ya cika da ƙura har kwamfutar na zaton akwai abu a ciki. A ƙasarmu mai hunturu wannan ba baƙon abu ba ne. In kuwa shiru ko'ina, ki buɗe Device Manager, wurin da Windows ke jera kayan cikin kwamfuta, ki cire direban sauti, wato ƴar manhajar da ke sarrafa sautin, ki kashe ta ki kunna, Windows za ta mayar da shi da kanta.

Shawarar ƙanenki na da amfani tun kafin a zo maganar sauyi. Linux babbar manhaja ce da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows. A sauke Linux Mint, nau'in Xfce mara nauyi, a ɗora ta a filashi mai 8GB da manhajar Rufus. Ki soka filashin, ki kunna, ki riƙa danna F9, ki zaɓe shi. Linux za ta tashi daga filashin ba tare da ta taɓa fayil ɗinki ko ɗaya ba. Sai ki kunna karatu ko wani bidiyo. Idan sauti ya fito, lasifikarki lafiya lau, laifin na Windows ne. Idan shiru, mai yiwuwa kayan ciki ne, kuma sauya babbar manhaja ba ya ta da lasifikar da ta ƙone. A nan ɗan katin sauti na USB ko lasifikar waje ya wadatar, kuma ya fi buɗe cikin injin araha.

Windows 11 kam ban ba ki shawara ba. Kwamfutarki ta 2012 ce, injinta Intel zubi na 3, alhali Microsoft na neman kusan zubi na 8 zuwa sama, tare da TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro na cikin kwamfuta. Masu gyara na da dabarar cusa ta, amma ba tabbacin za ta ci gaba da samun sabuntawa. Ita ma Windows 10 an daina tallafa mata na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, don haka maganar sauyi tana nan tafe ko da sautin ya dawo yau. Idan aikinki rubuta jarabawa ne, lissafin maki da shiga intanet, Linux Mint 22 da LibreOffice, manhajar rubutu da lissafi irin Microsoft Office, za su ɗauke ki, tallafin Mint 22 kuma har 2029. Akwai ma tsarin madannai na Hausa a ciki, mai ɓ, ɗ da ƙ, abin da ke faranta min rai matuƙa. Amma mai cin abinci da CorelDRAW ko Photoshop ya tsaya a Windows, ba a yi su don Linux ba. Kafin komai, ki kwashe takardunki da hotunanki zuwa wani wuri.

Tambaya: Daga Maraɗi nake. Na sa Linux Mint a tsohuwar Dell, iyafis na aiki amma lasifika shiru, alhali a Windows tana yi.

Amsa: Ɗan'uwa, da alama toshe ta aka yi daga ciki. Buɗe Terminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta alsamixer, ka danna F6 ka zaɓi katin sautinka. Duk layin da ka ga MM a ƙasansa a toshe yake, musamman Speaker da Master. Je kansa ka danna M, ka ɗaga shi da kibiyar sama. Idan akwai Auto-Mute Mode, mayar da shi Disabled ka sake gwadawa bayan ka cire iyafis ɗin.