Hukuncin Yanko Sautin Waƙar Wani a Ɗora a Sabuwa

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta malam. Ni ɗalibi ne a Gombe, ina koyon haɗa sauti a wani sutudiyo da ke Jekadafari. Mukan ɗauko tsohuwar waƙa mu yanko amshinta, ko kiɗan kalangu na daƙiƙa biyar zuwa goma, mu ɗora a kan sabon kiɗa a manhajar haɗa sauti ta FL Studio. Wani lokaci waƙar gaba ɗaya muke sake wa riga. Na fara sa wasu a Audiomack da TikTok, har ɗan kuɗi ya fara shigowa. Abokaina sun ce in dai guntu ne ba komai, balle ma masu waƙoƙin da yawa sun rasu. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, kafin haƙƙin masu waƙa akwai maganar kiɗan kansa, ba zan tsallake ta ba. Jumhurin malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa, suna kafa hujja da hadisin Abu Malik al-Ash'ari da ke cikin Bukhari, suka keɓe duffi, wato ƙaramar ganga mai fuska ɗaya, a biki da Idi. Ibnu Hazmin ya soki hadisin ya halatta kiɗan, wasu malamai suka bi shi. Ni ina tare da jumhur, kuma zan fi so ka karkata gwanintarka ga ƙasidu, tallace-tallace da gyaran sautin karatu. Waƙar batsa da ta zagi kuwa babu saɓani a kan haramcinsu. Abin da zan faɗa yanzu ya shafi kowane sauti, ko da ƙasida ce ta murya zalla.

Gina magana a kan maganar wani ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ishiriniyar da ake rerawa a zaurukan Gombe da Bauchi baitocin Alfazazi ne, Ibnu Muhibbi ya yi musu tahamisi, yana ƙara shaɗara uku a gaban kowane baiti. Ba wanda ya ce ya yi sata, domin kowa ya san na wane ne wannan, na wane ne wancan. Malaman balaga ma da suka yarda da tadmini, wato saka baitin wani a cikin waƙarka, sun shardanta ka nuna ba naka ba ne idan baitin bai shahara ba. Ka ga ke nan aro halal ne, ɓoye mai abu ne aibi. Annabi (SAW) ya ce mai nuna ƙoshi da abin da ba a ba shi ba kamar wanda ya sa tufafin ƙarya biyu ne. Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar.

Sai dai naka ya wuce na mai tahamisi. Shi kalmomi ya ara, ya rera da bakinsa. Kai kuwa muryar mutum ka ɗauko, da hannun makaɗinsa, da kuɗin da wani ya kashe aka naɗi faifan, sannan kana karɓar kuɗi a kai. Wannan dukiya ce. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zartar a zamanta na Kuwait a Disambar 1988 cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da Shari'a ta kare, ba ya halatta a keta su. Tushen wannan yana cikin Suratun Nisa'i aya ta 29, inda Allah ya hana cin dukiyar juna da ɓarna sai ta hanyar ciniki bisa yarda, da kuma hadisin da ya ce dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa.

Zancen abokanka cewa guntu ba komai ba shi da madogara. Wanda ya ɗebi mudu ɗaya a rumbun maƙwabci bai kwashe rumbun ba, amma ba za a ce hatsinsa ya ɗiba ba. Kuma ai guntun nan da ka zaɓo shi ne zumar waƙar, shi ya sa ka zaɓe shi. Mutuwa ma ba ta yafe haƙƙi, magada take miƙa wa. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, faifan da aka naɗa kuma shekara 50 daga fitowarsa. Mawaƙin da ya rasu a 1999, waƙarsa tana hannun iyalansa har ƙarshen 2069. Sau da yawa za ka tarar 'ya'yansa na fama da kuɗin cefane, muryar mahaifinsu kuwa tana yawo a wayoyin jama'a.

Saboda haka, koyo a ɗakinka, ka yanka ka haɗa don hannu ya faɗa, ba tare da ka saki ko ka sayar ba, ban ga laifi a cikinsa ta fuskar haƙƙi ba. Sakinsa ga jama'a kuwa, ko karɓar kuɗi, ba ya halatta sai da izinin mai waƙar ko magadansa, da na wanda ya mallaki faifan idan daban ne. Rubuta sunansa a ƙasa wajibi ne, amma ba ya zama izini. Ku yi yarjejeniya a rubuce da shaidu, a faɗi kason kowa. Sautukan da masu su suka saki kyauta, ko suka sayar don a yi aiki da su, babu laifi matuƙar ka tsaya kan sharaɗinsu. Af, ita manhajar da kuke aiki da ita, idan ta sata ce da aka fasa, hukuncinta ɗaya da wannan.

Waɗanda ka riga ka saka, ka sauke su, ka nemi masu haƙƙin ka faɗa musu abin da ka samu, ku daidaita ko su yafe. Idan ka yi iya ƙoƙarinka ba ka same su ba, ka ƙiyasta kasonsu ka yi sadaka da shi a madadinsu, da niyyar biya duk ranar da suka bayyana. Wallahu a'alamu.