Halatta tabar wiwi a Nijar: Kanada daban, Maroko daban

Malam, ka tambaya me zai hana Nijar ta bi sahun Kanada da Maroko ta halatta tabar wiwi, a samu kuɗin haraji. To, ƙasashen nan biyu ba hanya ɗaya suka bi ba. Kanada ta halatta sha ga manya a 2018, a shagunan da ke da lasisi. Maroko kuwa dokarta ta 2021 ta tsaya ga magani da masana'antu, mai busa ta a titi har gobe laifi ya yi.

Ni abin da ke damuna shi ne sa ido. A nan Tahoua, tramol da aka ce sai da takardar likita, ga shi a tiren mai talla bakin tasha, yaro ɗan shekara 15 na saye da canjin aljihunsa. Wanda ya kasa tsare wannan, shi zai tsaya duba shekarun mai sayen wiwi?

Amma ɗaure yara ma ban yarda da shi ba. Ɗan maƙwabcinmu, tela ne, an kama shi da ƙulli ɗaya, ya yi watanni a gidan kaso. Ya fito ya fi da lalacewa, ko fadar shayi ba ya zama. Da wurin likita aka kai shi, ina jin da yanzu yana kan kekensa.