Tambaya da Amsa: Takalmin Aiki a Lokacin Sanyi da Ruwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aikin gini a Winnipeg ta ƙasar Kanada, wannan ne hunturuna na farko a nan. Takalmin da na saya a lokacin zafi yana shan ruwa da zarar dusar ƙanƙara ta narke a kansa, yatsuna kuma sai su sandare tun kafin azahar. Wane iri zan saya, kuma me zan duba? (Mai karatu daga Winnipeg)

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, danshi ne babban abokin gabarka, kuma ta hanya biyu yake zuwa: ruwan da ke kutsawa daga waje, da zufar da ƙafarka ke fitarwa a ciki. Takalmin da ya tare ɗaya ya ƙyale ɗaya, asarar kuɗi ne.

Fara da abin da wurin aiki zai nema. A Kanada ka duba tambarin CSA, hukumar da ke gwada ingancin kaya a ƙasar, koriyar alama mai kusurwa uku a jikin takalmin. Ma'anarta bakin takalmin yana da kariyar yatsu mai daraja ta ɗaya, tafinsa kuma ƙusa ba ta huda shi. Masu aiki a Ingila da sauran Turai su nemi takalmi mai alamar S3 ko S7, wadda ita ma ke nuna kariyar yatsu da ta tafi, tare da harufan CI da ke nuna an gwada shi a kan sanyi. Kariyar bakin iri biyu ce, ta ƙarfe da ta roba mai tauri. A garin da sanyi ke kai digiri 30 ƙasa da sifiri a watan Janairu, ɗauki ta biyun, domin ƙarfe yana jawo sanyi ya ajiye shi daidai kan yatsu.

Sai hana ruwa. Fatar da aka shafa wa mai tana jure yayyafi, amma ba ta jure tsayuwa cikin taɓon ƙanƙara. Nemi wanda aka saka wa wata siririyar riga a ciki, irin su Gore-Tex, mai tare ruwa tana barin tururin zufa ya fita. Buɗe igiyar ka ja harshen takalmin: in an ɗinke shi da gefe biyu har sama, madalla, in a sake yake, ta nan ruwa zai bi. Tsawon takalmin ya kai inci 8. Ɗinki kuma gwargwadon yawansa, gwargwadon ƙofofin ruwa, musamman a inda takalmi ke lanƙwasa bayan yatsu, nan ne yake fara tsagewa.

Abin ɗumin da ke ciki, kamar Thinsulate, da giram ake auna shi. Mai kai-komo duk yini, 200 zuwa 400 ya ishe shi. Mai tsayuwa wuri ɗaya, kamar mai ba motoci hannu, yana buƙatar 800 zuwa 1,000. Kada ka ce mafi kauri shi ne mafi kyau: in ka saka 1,000 kana ɗaukar kaya kana hawa tsani, ƙafar za ta jiƙe da zufa, kana tsayawa hutu kuma ta daskare. Lambar nan ta digiri 40 ƙasa da sifiri da ake bugawa a kwali, kowane kamfani da irin ma'auninsa, kada ka dogara da ita sosai.

Girman takalmin ma nan mutane ke kuskure. Je shago da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka riƙa aiki da ita. A bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsunka da bakin takalmin, dunduniya kuma kada ta riƙa ɗagawa in kana tafiya. Takalmin da ya matse yana rage gudun jini, ƙafar da jini bai wadace ta ba kuwa babu abin da zai ɗumama ta. Shi ya sa cusa safa uku yake ƙara sanyi. Safar ulu ɗaya mai kauri, da siririya ta nailan a ƙasanta in kana so, ka kuma riƙe wata a jaka ka canja da rana. Safar auduga ka bar ta a gida, tana riƙe zufa.

Tafin ya zama roba mai laushi da haƙora masu zurfi, tunda roba mai tauri ƙara tauri take yi da sanyi sai ta yi santsi. A kan ƙanƙara mai sulɓi babu tafin da za a amince wa, sai a ɗaura ƙusoshin nan da ake sakawa a cire.

Gishirin da ake zubawa a hanya yana busar da fata har ta tsattsage. Goge shi da ɗanyen tsumma kullum, a shafa man fata ko kakin takalmi sau ɗaya a wata. Cire shimfiɗar ciki, ka cusa tsohuwar jarida ya kwana. Kada ka jingina shi da hita, zafi yana sakin gam yana ƙandarar da fata. In kuma yatsa ya yi fari ya daina ji, shiga ɗaki ka sa shi a ruwa mai ɗumi, digiri 37 zuwa 39, kada ka murza, sannan ka ga likita.

Tambaya: Ni manomin rani ne a Kadawa. Da asuba nake shiga ban ruwa lokacin hunturu, takalmin ruwan da nake saya kuma ba ya kai ƙarshen kaka sai ya tsage. Ina mafita? (Mai karatu daga Garun Malam)

Amsa: Baba, naka ya fi sauƙi, tunda ba ka buƙatar abin ɗumi mai kauri. Yawancin masu arha na leda ne mai tauri, sanyin asuba yana ƙara masa tauri, rana kuma ta gasa shi, sai ya tsage a wajen idon sawu. A kasuwa ka lanƙwasa shi da hannu: na roba ta gaske yana dawowa nan take, na leda yana barin farin layi. Zaɓi wanda aka zuba a dunƙule, ba wanda aka manna wa tafi da gam ba, ya kai ƙasan gwiwa, kuma ya fi ƙafarka da lamba ɗaya don safa ta samu wuri. Saka shi yana kuma rage haɗarin tsargiya, wadda ake kamuwa da ita ta fata a ruwan kwata da madatsai.

Bayan aiki a wanke laka, a kife shi kan sanduna biyu a inuwa, nesa da man fetur da dizal ɗin injin ban ruwa, domin suna cin roba. Ƙaramar huda mai facin taya zai gyara ta. Kafin ka zura ƙafa da asuba ka kakkaɓe shi, kunama na son kwana a ciki.