Muryar da aka tura a guruf: idan roka ta kama da wuta, ina makomar na ciki?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Ku yi haƙuri da hayaniya, yara ne ba su kwanta ba. Yaya, na ji tambayarka a kan bidiyon rokar nan da ta tarwatse, ka ce wai in abin ya kama da wuta, 'yan sama jannatin da ke ciki sai dai addu'a ko? To, ba kullum ba. Ya danganta da irin kumbon da suka hau, an yi masa hanyar tsira ko ba a yi ba.

Ka ga ranar 11 ga Oktoba 2018, Rasha ta harba kumbon Soyuz MS-10 daga Baikonur, can ƙasar Kazakhstan. Mutum biyu ne a ciki, Nick Hague Ba'amurke da Aleksey Ovchinin ɗan Rasha. Ita rokar Soyuz tana da 'ya'ya huɗu manne a gefenta, in mansu ya ƙare sai su sake ta su faɗo. Wajen minti biyu da tashi, ɗaya ya ƙi rabuwa yadda ya kamata, ya juyo ya daki uwar. Ba wanda ya danna komai fa, kwamfutar kumbon ce ta gane an yi ɓarna, nan take ta fizge ɗakin da mutanen suke. Sai da suka kai kilomita 93 a sama sannan suka rikito, nauyin jikinsu ya ninka kusan sau bakwai, kamar an jibga maka buhunan siminti a ƙirji. Lema ta buɗe, suka sauka kusa da garin Zhezkazgan, lafiya lau. Da aka bincika, ashe wata 'yar na'ura ce aka lanƙwasa wajen haɗa rokar. Kuma wallahi mutanen nan akwai zuciya, watan Maris 2019 suka sake hawa, su biyun.

Na 1983 ma ya fi ban tsoro. Vladimir Titov da Gennady Strekalov suna zaune a wani kumbon Soyuz a can ƙoli, roka ba ta ko ɗaga ba, mai ya tsiyaye, wuta ta kama daga ƙasa. Wayoyin da za su ba da umarni sun ƙone, sai ta rediyo ma'aikatan ƙasa suka aika. Wannan ɗan tsinin da kake gani a saman roka kamar hasumiya, ai ba ado ba ne, ƙaramar roka ce. Ita ta ciccibe su daƙiƙu kaɗan kafin uwar ta fashe, suka faɗi kimanin kilomita 4 daga wurin, da ransu.

Amma wanda in na tuna raina ke ɓaci shi ne Challenger na Amurka, 28 ga Janairu 1986. Daƙiƙa 73 da tashi ya wargaje, mutum bakwai suka mutu, har da malamar makaranta Christa McAuliffe, ana nunawa kai tsaye a talabijin. Me ya jawo? Roba, Yaya, roba! Zoben da ke toshe mahaɗar rokokin gefe don kada wuta ta yi yoyo. An kwana ana zabga sanyi a Florida inda aka harba shi, ka san yadda silifa ke sandarewa da hunturu, to haka ta yi, ta kasa toshewa. Injiniyoyin kamfanin da ya ƙera rokokin sun faɗa tun ana gobe za a tashi cewa a dakata. Manya suka ce a tashi. Shi kuma wannan samfurin kumbon ba shi da hasumiyar tsira, an gina shi kamar jirgin sama, mutanen suna manne a gefen ƙaton tankin mai, babu abin da zai fizge su. Ni dai ban kira wannan tsautsayi kawai ba.

Shi ya sa kafin kumbon Dragon na kamfanin SpaceX ya ɗauki mutum, a Janairu 2020 da gangan aka kashe injinan rokarsa a sama babu kowa a ciki, don a ga ko zai tsere. Ya tsere, rokar ta tarwatse, shi ya sauka a teku da lema.

To, cajina ya kusa ƙarewa. Yaya, a gaida su Hajiya, sai da safe.