Duba lafiyar ɗalibai a makarantun karkara

Malama, kin tambaya ko za a iya duba lafiyar ɗaliban ƙauye babu likita. Ana iyawa, muddin an haɗa kai da ma'aikacin cibiyar lafiya matakin farko. A auna tsayi da nauyi, a gwada gani da allon haruffa daga nisan mita 6, sannan a garuruwan noman rani kamar Kura ta jihar Kano a keɓe yaro a tambaye shi ko yana fitsarin jini, saboda tsargiya, cutar da ake ɗauka wajen shiga ruwa. Abin da ya fi damuna shi ne yaron da ya daina walwala yana yawan fashi, ake yi masa bulala maimakon a zauna da iyayensa. Idan lamarin ya faskara, a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da ke Kano.