Ku Tambaya, Mu Amsa: Wa Ya Nemi Manyan Jif-Jif ɗin Nan, Mu ko Kamfanoni?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Duk kamfanin motar alfarma da na sani yau yana da ƙatuwar jif, har waɗanda aka san su da motar gudu mai kujera biyu. Ƙananan motoci masu but kuwa sai janye su ake yi ɗaya bayan ɗaya. Shin masu saye ne suka ce haka suke so, ko kamfanonin ne suka ga dama suka ɗora wa mutane? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kowane ɓangare yana da hannu a ciki, amma a ganina hannun kamfani ya fi nauyi, kuma zan faɗa maka dalili.

Bari in fara ba masu saye haƙƙinsu. Son da ake yi wa babbar jif so ne na gaskiya. Direba yana zaune sama yana hango hanya. Wanda gwiwa ko baya suka fara yi masa ciwo ba ya buƙatar durƙusawa kafin ya shiga, kuma galibin masu ƙarfin sayen sabuwar motar alfarma ba yara ba ne. Akwai wurin kaya, akwai wurin iyali, sannan akwai kwarjini, wanda mutane ba su cika faɗa da baki ba amma suna biyan kuɗinsa. Duk wannan ba kamfani ne ya ƙirƙiro shi ba.

Abin da kamfanoni suka gano shi ne yawan ribar da ke kwance a cikin wannan son. Range Rover ta farko da ta fito a 1970 motar aiki ce mai ƙofa biyu, kujerunta na roba, daɓenta an yi shi yadda za a iya wanke shi da tiyo. Sannu a hankali aka sa mata fata da katako, aka ga masu kuɗi ba sa ja da baya. Ƙarshen shekarun 1990 ne abin ya ɓarke: Lincoln Navigator da Mercedes M-Class a 1997, Cadillac Escalade da Lexus RX a 1998, BMW X5 a 1999. Dukansu kasuwar Amurka suka nufa. Jamusawa ma a can suka riƙa ƙera nasu, Mercedes a jihar Alabama, BMW a Spartanburg, wadda a yau ita ce masana'antar BMW mafi girma a duniya, kuma jif-jif take fitarwa.

Darasin da ya fi shiga kunnen kowa daga Porsche ya fito. Da kamfanin ya kawo jif ɗinsa ta farko, Cayenne, a 2002, masoyansa na asali sun yi ta ƙorafi cewa an zubar da mutuncin gidan. Ba a jima ba Cayenne ta zarce 911, shahararriyar motar gudun kamfanin, a ciniki, kuɗinta ya zama abin da ke riƙe da motocin gudun da masu ƙorafin suke ƙauna. Daga nan kowa ya bi sahu. Bentley ta fito da Bentayga a 2015, Rolls-Royce da Cullinan a 2018, Aston Martin da DBX. Dubi Lamborghini: a 2017 motoci 3,815 ta sayar a duniya baki ɗaya. Jif ɗinta mai suna Urus ta shiga kasuwa a 2018, a 2019 adadin ya kai 8,205, a 2023 ya haura 10,000 karon farko, fiye da rabi kuma Urus ce. Ferrari ce ta fi daɗewa tana turjiya. Shugabanta na da, Sergio Marchionne, ya taɓa cewa sai dai a fara harbe shi kafin a ga jif ɗin Ferrari. A 2022 Purosangue ta fito. Kamfanin ya ƙi yarda a kira ta jif, ya kuma ce ba za ta wuce kashi 20 cikin 100 na motocin da yake fitarwa a shekara ba, amma dai ta fito.

Yanzu ga inda ribar take, kuma nan nake so ka tsaya da kyau. Kuɗin ƙera mota ba ya hawa daidai da girmanta. Ƙaramar mota da babba duk suna buƙatar injiniyoyi su zana su, a yi musu gwajin karo, a sa musu birki da kwamfuta da jakar iska, ma'aikata su haɗa su. Ƙarin ƙarfe da gilashi da fata da ake sa wa babbar ba shi da tsada sosai idan aka kwatanta da ƙarin farashin da ake ɗora mata. Sannan akwai dabarar raba ƙashi. Volkswagen Touareg, Audi Q7, Porsche Cayenne, Bentley Bentayga da Lamborghini Urus duk 'yan gida ɗaya ne, a kan tsarin casis ɗaya aka gina su. An kashe kuɗin bincike sau ɗaya, ana karɓar riba a kan tambari biyar, kuma farashin Bentayga ya ninka na Touareg sau da dama. Haka Escalade take da Chevrolet Tahoe da GMC Yukon, daga masana'anta ɗaya suke fitowa a Arlington ta jihar Texas. Ban ce motocin iri ɗaya ba ne a hannun direba, akwai bambanci na gaske a inji da aikin ciki. Amma bambancin kuɗin ƙera su bai kai bambancin farashinsu ba, kuma wannan tazarar ita ce abin da shugabannin kamfani ke kallo idan za su yanke shawarar motar da za a yi nan da shekara biyar.

Doka ma ta taimaka, musamman a Amurka. Tun daga dokar tsimin mai ta 1975 aka ware motocin da ake lissafawa a rukunin ƙananan motocin ɗaukar kaya, aka sassauta musu, jif kuma a nan take faɗawa. Daga baya, wajen 2011, aka koma auna abin da ake buƙata daga mota gwargwadon faɗin ƙasar da tayoyinta suka mamaye: iya girman mota, iya sauƙin sharaɗinta. Dokar harajinsu kuma tana ba mai kasuwanci rangwame mafi tsoka idan motar da ya saya don aiki ta haura fam 6,000 a nauyin da aka yi mata rajista, wato sama da kilo 2,700. Wanda ya tsara waɗannan dokoki bai yi nufin cika titi da manyan motoci ba, amma abin da suka haifar ke nan.

Game da ɓacewar ƙananan motoci kuwa, ba idonka ne ke yaudararka ba. A 2018 Ford ta sanar cewa za ta daina sayar da kusan duk motocinta masu but a Arewacin Amurka, ta bar Mustang. Lincoln ta daina ƙera Continental, motarta mai but, a 2020. Lokacin ƙarancin ƙwayoyin kwamfutar mota a 2021, kamfanoni da yawa sun karkatar da ɗan abin da suka samu zuwa motocin da suka fi kawo riba. A 2022 Mercedes ta fito fili ta ce za ta rage ƙananan samfuranta ta maida hankali kan na sama, irin su Maybach da G-Class.

Shi ya sa idan na ji kamfani yana cewa abin da jama'a ke so yake ba su, nakan ce rabin maganar ya faɗa. Ka kashe kuɗin tallarka a kan abu ɗaya, ka ajiye shi a bakin ƙofar shago, ka janye abokin takararsa daga kasuwa, sannan ka nuna alƙaluman ciniki a matsayin shaidar zaɓin mutane. Akwai kuma tsoro da ke tura mutane. Mai ƙaramar mota da ya ga fitilun na bayansa suna daidai da ƙeyarsa, gobe shi ma babba zai nema. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce a 2023 jif-jif, manya da ƙanana, sun kai kashi 48 cikin 100 na motocin da aka sayar a duniya, kuma da ƙasa ce su, da sun zo na biyar wajen fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin wanda bai taɓa shiga irin motar ba shi ma yana biyan rabonsa.

Dabarar tana da haɗarinta ga kamfanonin. A Sin, inda Jamusawa suka daɗe suna kwasar riba, kamfanonin gida sun fito da manyan jif-jif masu lantarki ko masu haɗa lantarki da fetur, irin su Li Auto L9 da Aito M9, a farashin da ya yi ƙasa da na Turai. Cinikin Porsche a can ya faɗi da kashi 28 cikin 100 a 2024. A Faris kuma an kaɗa ƙuri'a a Fabrairun 2024 aka ninka kuɗin fakin sau uku ga motoci masu nauyi da suka shigo daga wajen unguwa. Toyota da Honda da ba su saki Corolla da Camry da Civic da Accord ba, su suka gaji masu sayen da wasu suka yasar.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Muna da yara huɗu, maigidana ya dage sai mun sayi babbar jif mai layin kujeru uku, wai ta fi tsaro. Ni kuwa girmanta tsoro yake ba ni. Gaskiya ne ta fi kare iyali? Daga wata mai karatu.

AMSA: Barka kadai, Hajiya. Maigida yana da hujja, ke ma kina da taki.

Idan mota biyu suka yi karo, mai nauyi takan fi kare na cikinta, wannan ba a musu. Matsalar kifewa da aka san dogayen motoci da ita ta ragu sosai tun da aka wajabta na'urar daidaita mota a kwana, a Amurka daga samfurin 2012, a Tarayyar Turai daga 2014. Sai dai kariyar da nauyi ke bayarwa ba ta ci gaba da hawa har abada. Da zarar mota ta kai matsakaicin nauyi, kuma an ƙera ta da kyau, ƙarin nauyi kaɗan yake ƙara wa na ciki, amma yana ƙara wa na waje haɗari mai yawa.

Tsoronki yana da tushe ta wannan gefen. Cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora a Amurka ta fitar da bincike a 2023 da ya nuna cewa motar da tsayin bonet ɗinta ya haura inci 40, kimanin mita ɗaya, ta fi yiwuwar kashe mai tafiya a ƙasa da kusan kashi 45 cikin 100 idan aka kwatanta da mai gajeren gaba mai gangara. Ƙaramar mota ƙafa take duka, doguwa ƙirji da kai. Ƙari a kan haka, a gaban dogon bonet akwai wurin da direba ba ya gani sam, kuma ƙaramin yaro yana iya tsayawa a wurin. Irin wannan haɗarin sau da yawa a ƙofar gida yake faruwa, ga yaran gidan. A gida mai yara huɗu, wannan magana ce ta tsaron iyali kamar yadda maganar karo take.

Shawarata, kafin ku yanke hukunci ku duba motocin iyali masu ƙofar ja, irin su Toyota Sienna ko Kia Carnival. Daɓensu ya fi ƙasa, yara suna shiga da kansu, layin baya yakan fi na yawancin jif-jif sarari, gabansu kuma gangararre ne. Idan kuma jif ɗin ce dai, ku tafi tare da yaran. Ki zauna a kujerar direba ki gyara ta daidai tsayinki, a kashe inji, ƙaramin cikinsu ya tsaya a gaban motar tare da babansa, ya riƙa ja da baya har sai kin hango kansa. Ku auna tazarar. Ku sa manyan yaran a layi na uku ku ga ko gwiwarsu ta samu wuri, ku buɗe bayan ku ga kayan da zai ɗauka alhali kujerun suna tsaye. Kada ku karɓi wadda ba ta da kyamarar gaba da ta baya da birkin da ke kama kansa idan ya hango mutum, kuma ku nemi sakamakon gwajin karo na ainihin samfurin da shekarar da za ku saya, domin suna ɗaya yakan ɗauki motoci daban-daban daga shekara zuwa shekara.