Giyar da uwa ta sha da ciki ta yi wa yarinya illa: ana samun diyya a Ingila?

Tambaya: Barista, ina zaune a Ingila, ina riƙon 'yar ƙanena mai shekara shida, yau shekara biyu tana hannuna. Uwarta ta sha giya sosai lokacin da take ɗauke da cikinta. Yanzu yarinyar ba ta riƙe karatu, ba ta zama wuri ɗaya, kuma likita yana zargin giyar ce. Ƙanena yana so a kai uwar kotu ta biya diyya, ko gwamnati ta biya. Akwai hanya?

Amsa: Hajiya, sannu da ɗawainiya, Allah ya raya ta. Ki gaya wa ƙanenki kada ya kashe ko kwabo a kan wannan ƙara, domin dokar Ingila ta rufe ƙofofin biyu.

Ta gwamnati tukuna. Akwai hukumar da ake kira CICA, mai biyan diyya ga waɗanda aka yi wa laifin cin zarafi. Wata ƙaramar hukuma a arewa maso yammacin Ingila ta nemi wannan diyya a madadin wata yarinya da aka haifa a 2007, wadda uwarta ke shan rabin kwalbar vodka da gwangwani takwas na giya mai ƙarfi a kullum, duk da an gargaɗe ta. Lauyoyi suka kafa hujja da sashe na 23 na dokar laifukan cin zarafin mutum ta 1861, wanda ya haramta ba wa "wani mutum" guba. A ranar 4 ga Disamba 2014 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yi watsi da ƙarar. Dalilinta: a wajen wannan doka ɗan tayi bai zama mutum mai zaman kansa ba sai an haife shi da rai, ita kuwa illar ta riga ta auku tun yana ciki. Tun da ba laifi, ba diyya. Ƙa'idojin CICA na 2012 ma sun fito fili sun cire raunin da ya samu jariri a ciki saboda abin da uwa ta sha da son ranta.

Ƙarar uwar kai tsaye kuma, dokar 1976 kan naƙasar da ake haifar yaro da ita ta ba yaro damar ƙarar wanda ya jawo masa naƙasa kafin haihuwa, amma ta cire uwarsa da gangan. Wuri ɗaya aka bari: idan mace mai ciki ta yi gangancin tuƙi ta yi hatsari, saboda a nan kamfanin inshora ne zai biya. Tunanin da ke bayan wannan shi ne, idan mace ta san abin da ta faɗa wa ungozoma zai iya kai ta kotu, za ta ɓoye, ko ta daina zuwa awo, jaririn ne kuma zai ƙara cutuwa. Mutum na iya ƙin wannan ra'ayi, amma haka doka take.

Saura asibiti. A bisa ƙa'ida ana iya ƙarar likita ko ungozomar da ta yi sakaci, amma sai an nuna cewa ba su yi abin da ƙwararru irinsu za su yi ba, kuma da sun yi, da uwar ta daina sha. Wannan na biyun ne ke kashe irin waɗannan ƙararraki. Babu gaggawa ma a kansa: wa'adin shekara uku ba ya fara ƙirguwa sai yarinyar ta cika 18.

Ga abin da nake so ki ba muhimmanci. Kuna buƙatar uwar nan. Cutar da ake kira FASD, wato illar da giyar da uwa ta sha ke yi wa ɗan tayi, ba a gano ta da gwajin jini. Likitoci suna duba alamomi uku a fuska: gajartar tsagar ido, shafewar kwarmin da ke tsakanin hanci da leɓe, da siririn leɓen sama. Yara ƙalilan ne ke da duka ukun. Ga sauran, ba za a rubuta FASD ba sai an tabbatar uwa ta sha giya da cikin, ko dai daga bakinta, ko daga takardun awonta, ko bayanan ma'aikatan walwalar yara, ko shaidar wanda ya gani da idonsa. Takardun awo nata ne, ba za a ba ki ba sai da yardarta. Ranar da takardar lauya ta isa hannunta, ta rufe baki ke nan. Gara a lallaɓa ta ta sa hannu a takardar izini, ƙanenki kuma ya rubuta abin da ya sani: wane irin abin sha, nawa, a waɗanne watanni. Da wannan za ki je wa GP, wato likitan iyali, ya tura ku wajen likitan yara.

Sai matsayinki. Riƙon shekara biyu bai ba ki ikon iyaye a doka ba; yana hannun uwar, da ƙanenki idan sun yi aure ko sunansa na takardar haihuwa. Ma'ana, uwar na iya zuwa ta ce a ba ta 'yarta. Abin da ya dace da ke shi ne umarnin riƙo na musamman, SGO, a ƙarƙashin dokar yara ta 1989. Tun da ke goggonta ce kuma ta haura shekara ɗaya a gidanki, ba sai kin nemi izinin kotu kafin ki shigar da buƙata ba. Za ki ba ƙaramar hukuma sanarwa a rubuce wata uku kafin nan, su yi bincike su kai wa kotu rahoto. Umarnin yana aiki har ta cika 18, kuma ba ya yanke nasabarta da iyayenta, abin da ke kwantar wa Musulmi hankali. Ki kula da abu biyu: idan za ki cire mata sunan mahaifinta, ko za ki fitar da ita daga Birtaniya fiye da wata uku, sai da yardar iyayen a rubuce ko izinin kotu. Maganar alawus da tallafi a gama ta a rubuce kafin alƙali ya sa hannu; bayan nan ƙaramar hukuma ba ta da abin da ke matsa mata.

Ainihin kuɗin da za a kashe wa yarinyar yana cikin tsarin taimakon karatu da lafiya da ake kira EHCP, na dokar 2014. Ke da kanki za ki iya nema, tun da ke ke kula da ita, kuma ba sai an tabbatar da cutar ba, ko da makaranta ta ce ki jira. Ƙaramar hukuma na da mako 6 ta faɗi ko za ta yi gwaji, mako 20 kuma ta fitar da tsarin. Inda ake cutar iyaye shi ne sashen F na tsarin, inda ake rubuta taimakon karatun da za a ba ta: kada ki yarda da "za a taimaka mata gwargwadon buƙata". A rubuta awa nawa a mako, wane ne zai yi, da wace ƙwarewa, domin abin da aka ƙayyade kaɗai ake iya tilasta wa hukuma.

Akwai kuma DLA, kuɗin yaro ɗan ƙasa da 16 da ke buƙatar kulawa fiye da tsaransa. Ki yi waya a aiko miki da fom. Idan kin mayar cikin mako shida, daga ranar wayar za a fara lissafi. Ki bayyana wahalar yadda take, har da farkawar dare da yadda ba ta gane haɗarin titi, kada kara ta sa ki rage. Idan bizarki ta hana cin kuɗin gwamnati, ki ga lauyan shige da fice kafin ki nemi alawus na mai kulawa da sunanki.

Duk wannan dokar Ingila ce. A Sikotilan tsarin daban yake. Idan aka ƙi DLA, wata ɗaya gare ki ki nemi a sake dubawa. Idan aka ƙi EHCP, wata biyu gare ki daga ranar da ke kan wasiƙar ki ɗaukaka ƙara, kuma sai kin fara karɓo takardar shaida daga masu sulhu.